Daga Tambari Zuwa Wayar Hannu a Iyakar Gobir

Unguwar Lalle gari ne na ƙasar Sabon Birni, a kusurwar arewa maso gabas ta Jihar Sakkwato, inda Nijeriya ta haɗa iyaka da Jamhuriyar Nijar. Mutanen wannan yanki, da na Isa maƙwabtansu, yawancinsu Gobirawa ne manoma, suna noma gero da dawa da wake a tudu, da rani kuma su gangara fadamun Gulbin Rima su yi lambu. Akwai Fulani makiyaya tare da su tun kaka da kakanni, akwai kuma Buzaye masu saukowa daga arewa. Ƙasa ce ta bakin iyaka, ba yau ta fara zama haka ba. Mutumin bakin iyaka kuwa, bayan ruwa da hatsi, babu abin da ya fi bukata kamar labari: wa ke zuwa, ta wace hanya, su nawa ne, da alheri ko da sharri. Wanda ya riga jin labari ya kwashe iyalinsa da dabbobinsa. Wanda ya makara sai a ji labarinsa.

Zamanin ganuwa

Tun da Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a hannun jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a shekarar 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, Gobirawa ba su ajiye makami ba. Suka yi ta yaƙi da Sakkwato shekara da shekaru. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci su da yaƙi a Gawakuke, su da Katsinawan Maraɗi da Buzayen da suka taimake su, Sarkin Gobir Ali ya mutu a fagen fama. Waɗanda suka saura suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya, bayan tsakiyar ƙarni na 19, sai gidan sarautar ya rabu, Ɗan Halima ya fito da jama'arsa ya kafa Sabon Birni, ba nisa da kangon Alƙalawa. Sarakunan Musulmi su kuma suka yi ta kafa garuruwan ribaɗi, irin su Wurno, watau garuruwan da aka zaunar da mayaƙa don tsaron iyaka.

A wannan zamani kayan tsaro na gari su ne ganuwa da ƙofa, da idon mutane da kunnensu. Da almuru a rufe ƙofa, baƙon da ya makara ya kwana waje. Sarki yana da magewaya masu zaga daji suna duban sawun dawaki da tokar wutar da aka kashe, yana da 'yan leƙen asiri masu shiga kasuwannin abokan gāba da siffar fatake ko almajirai. In an hango ƙura, sai a buga tambari ko kuge. Wanda ke gona ya san bambancin kiɗan biki da kiɗan hari, ya jefar da fartanya ya nufi ƙofa. In sarki na da magana da talakawa, sankira ya zaga unguwa unguwa yana shela. In maganar ta nesa ce, a rubuta takarda a ba manzo, ya hau doki. Saurin labari a lokacin bai wuce saurin doki ba, maharin kuwa shi ma doki yake hawa, saboda haka tseren nasu daidai wa daida ne.

Akwai wani daji da ya kamata mai karatu ya riƙe sunansa, shi ne Dajin Gundumi, wanda ke kan hanyar mai zuwa Sakkwato daga gabas. Bature matafiyi Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa shi a 1853. Ya ba da labari ayarinsu ya yi tafiyar sa'a 26 ba zango, don babu ruwa, ga kuma tsoron mahara Gobirawa. Shekara 170 bayan haka, matafiya suna ambaton Gundumi da irin wannan fargaba, ko da yake maharan yanzu wasu ne dabam, kuma babur suke hawa.

Turawa da takarda da waya

Ingilishi suka ci Sakkwato a watan Maris 1903. Ba su da yawa, 'yan tsiraru ne a cikin ƙasa mai faɗi, amma sun zo da abu biyu da suka riƙe ta da su, ban da bindiga mai ruwa: wayar tangarahu da littafin rajista. An ga aikin wayar a 1906. A watan Fabrairu na wannan shekara mutanen Satiru, wani ƙauye mai nisan kamar mil 14 daga Sakkwato, suka tayar, tare da wani malami da ake kira Ɗan Makaho wanda ya gudo daga ƙasar Faransa. Suka kashe Turawa 3 da soja wajen 25. Cikin 'yan kwanaki waya ta kai labari Zungeru wurin Gwamna Lugga, aka tattaro soja daga wurare masu nisa, ran 10 ga Maris aka rushe Satiru, aka kashe mutanenta kisa mai muni. Wata guda bai cika ba tsakanin tashin da rushewar. Da a zamanin manzo da doki ne, da kafin a gama kai da komowa damina ta faɗi.

Cikin waɗannan shekaru ne kuma aka yanka iyaka. Tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa turaku daga Kwara har Tafkin Chadi. Sai aka wayi gari Tsibiri tana hannun Faransa, Sabon Birni tana hannun Ingila, wa da ƙane kowa da inda yake biyan haraji. Mutane dai ba su fasa auratayya da cin kasuwannin juna ba. Wanda ya yi laifi a nan ya tsallaka can, wanda haraji ya yi wa nauyi can ya tsallako nan.

Tsaron zamanin En'e, in aka duba, rabinsa duk sanin mutane ne. Mai unguwa ya san kowane magidanci da ke ƙarƙashinsa, domin shi ke bin sa haraji. Baƙo ba ya kwana a gari sai an kai shi wurin mai unguwa, an ji daga ina ya fito, wa ya saukar da shi. Mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa hakimi, malamin hakimi ya rubuta. Ardo ya san rugagen da suka sauka a ƙasarsa da yawan shanunsu, saboda jangali. Di'o ya fito rangadi ya duba littattafan. In an sace sa a Isa, kafin kasuwa ta sake ci an san kamanninsa a garuruwan kewaye. Kada fa mai karatu ya ɗauka wannan tsari ba shi da aibu. Idon da ke ganin ɓarawo shi ne ke ganin mai ƙin biyan haraji, da ɗan hamayyar siyasa, an kuwa ɗaure mutane da yawa a shekarun 1950 ba don sun saci kome ba, sai don an ji abin da suka faɗa a dandali. Amma dai an san kowa da sunansa da na ubansa. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa raba sarakuna da mulki. Aka ɗauke musu iko, ba a kuwa sa wani ido a ƙauye maimakon nasu ba.

Ta wajen jin labarin duniya kuwa, sai gaba aka yi ta ci. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962. Rediyo mai batir ta shiga kowane ƙauye, har makiyayi yana rataye da ita a kafaɗa. Sai dai rediyo baki gare ta, ba ta da kunne. Manomin Unguwar Lalle yana iya jin abin da ya auku a Masar da safe, amma in shanunsa aka kora da dare, sai ya taka da ƙafa ya kai ƙara.

Wayar hannu

Wayar hannu ita ta ba talaka bakin. Ta shigo Nijeriya a watan Agusta 2001, a hankali turakunta, waɗanda jama'a ke kira ƙarfen sabis, suka kai garuruwan iyaka. Amfaninta ba ya ƙidayuwa. Ɗan ci-rani a Legas ya ji lafiyar iyalinsa, mai albasa ya ji kuɗin buhu kafin ya yi lodi, mace mai naƙuda a kira mata mota.

Ana cikin haka sai fitinar 'yan bindiga ta kunno kai daga Zamfara, wajen 2011. Asalinta rigimar gona da burtali ce, da satar shanu, da zaluncin alƙalai da 'yan sanda a kan makiyaya, da kisan da 'yan sa-kai suka riƙa yi ba shari'a, ga kuma bindigogi da suka yi arha bayan rushewar Libiya. Kafin 2019 ta haye ƙasar Isa da Sabon Birni daga wajen Shinkafi, dubban mutane suka tsere Nijar, Majalisar Ɗinkin Duniya ta zaunar da waɗansu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau cikin jihar Maraɗi. Ran 27 ga Mayu 2020 aka auka wa Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa a yini ɗaya, aka kashe mutum fiye da 70.

Wannan sana'a ta satar mutane, in an lura, a kan waya take tsaye. Ɓarawon shanu na dā yana bukatar kasuwa da dillali. Mai satar mutum kuwa lambar waya kaɗai yake bukata. Da ita zai kira dangi, ya sa su ji kukan ɗan'uwansu, a yi ciniki kamar ana sayen akuya, ya faɗi inda za a kai kuɗi. Sau da yawa cikin abin fansar har da katin waya da babur. Da ita kuma ɗan rahotonsa na cikin gari, wanda ake kira infoma, zai gaya masa wane ya sayar da hatsi, wace mota ta tashi, soja sun fita ko suna nan. Magewayin dā sai ya yi kwana biyu a daji kafin ya kawo labari. Na yanzu yana zaune a teburin mai shayi, ana hira da shi.

To, mutane suka yi ta tambaya: tun da kowane kira yana bi ta hannun kamfani, me ya hana a kama masu yi? Tambaya ce mai kyau, ga kuwa yadda abin yake. Duk wanda ya buga waya, muryarsa tana zuwa turken da ya fi kusa da shi, kamfani kuma yana rubuta lambar da ta kira, da wadda aka kira, da lokaci, da turken da aka bi. A birni turaku suna kusa da juna, saboda haka ana iya cewa mai kiran yana unguwa kaza. A daji turke ɗaya yana ɗaukar mil da yawa ko'ina, iyakar abin da za a ce shi ne yana cikin dajin, wannan kuwa kowa ya riga ya sani. Sa'an nan ɗan bindiga yakan yi kira da wayar wanda ya kama, ko da layin da aka yi wa rajista da sunan wani bawan Allah. Ko an gane wurin sarai, sauran aiki na nan: sai an sami soja da mota da mai, da hanyar da mota za ta bi da damina, da dabarar da za a fid da kamammu da rai.

Gwamnati ta yi ƙoƙarin ɗaure kowane layi da sunan mai shi. Hukumar sadarwa ta NCC ta fara rajistar layuka a 2011. A 2015 ta ci kamfanin MTN tarar naira biliyan 1,040 saboda layuka fiye da miliyan 5 da bai yanke ba, daga baya aka sasanta a kan biliyan 330. A watan Disamba 2020, zamanin Minista Isa Ali Pantami, aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa ta NIN, a watan Afrilu 2022 kuma aka hana layuka fiye da miliyan 70 yin kira saboda ba a haɗa su ba. Talakawa suka sha layi a rana, tsofaffi suka yi tafiya mai nisa a kan hanyoyin da ake tare mutane don a ɗauki hoton yatsunsu. Kiran neman fansa kuwa bai fasa shigowa ba. Littafin mai unguwa na dā ƙarami ne, amma mai unguwa ya san fuskar kowane suna da ke ciki. Wannan babban littafi na Abuja yana da suna miliyoyi, ba wanda ya san fuskar ko ɗaya.

Shekarar da aka kashe waya

Da abin ya ƙi, sai aka ce a toshe rijiyar gaba ɗaya. An taɓa yin haka a Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayu 2013, lokacin dokar ta-ɓaci a kan Boko Haram. Ran 3 ga Satumba 2021, bisa roƙon Gwamna Bello Matawalle, NCC ta umarci kamfanoni su kashe turakunsu duka a Zamfara. Aka ce na mako 2 ne, ya zarce watanni. Katsina ta bi. Gwamnan Sakkwato Aminu Waziri Tambuwal ya riga ya sa dokoki tun farkon watan: aka rufe hanyar Isa zuwa Marnona, aka hana sayar da dabbobi a kasuwannin yankin, aka hana sayar da mai a jarka. Ran 20 ga Satumba ya sanar an kashe waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar, har da Isa da Sabon Birni da Goronyo. Dalilinsa shi ne 'yan bindigar da soja suka matsa wa a Zamfara suna kwararowa gabashin Sakkwato.

Hujjar masu wannan shawara ba ta banza ba ce. In babu waya, infoma ba shi da bakin gaya wa na daji soja sun taso, mai garkuwa ba shi da hanyar ciniki, ƙungiya ba ta iya kiran ƙungiya taimako. A makonnin farko an ce abinci da mai sun yi wa na daji wuya ƙwarai, har waɗansu suka saki kamammu don ba abin ciyar da su.

Amma waɗanda suka tsara abin sun tsara shi kamar iyakar da Tilho da O'Shee suka yanka bango ce. Iskar waya ba ta san turken iyaka ba. Turakun kamfanonin Nijar suna nan tsaye daf da iyaka, ba wanda ya kashe su, mai layin Nijar in ya hau tudu ko bishiya a wurare da yawa na ƙasar Sabon Birni zai samu ya yi magana. To, wa ya fi iya zuwa tudun? Mai babur da bindiga, wanda ba ya tsoron hanya. Talakan da ke tsakiyar ƙasa, wanda aka hana wa mai, aka rufe masa kasuwa, shi ne ya kurumce. Inda kuma waya ta ƙi, sai 'yan bindiga suka koma wa dabarar kakanni: su rubuta takarda, su ba wani da suka kama su sake shi ya kai wa mai gari, a ciki an yanka wa ƙauye kuɗin da zai biya da ranar biya. Manzo da takarda suka dawo, sai dai wannan karo ba daga fada suke fitowa ba.

Abin da ya biyo baya yana da nauyin faɗi. A ƙarshen Satumba aka auka wa sansanin jami'an tsaro a Burkusuma, cikin ƙasar Sabon Birni, aka kashe da dama daga cikinsu, labarin bai bazu ba sai da waɗanda suka tsira suka kai shi da bakinsu. Ran 7 ga Oktoba 'yan sa-kai suka kashe Fulani 11 a kasuwar Mamande ta ƙasar Gwadabawa. Kashegari, Juma'a 8 ga Oktoba, kasuwar Unguwar Lalle tana ci, sai 'yan bindiga suka shigo bisa babura suna harbi ba zaɓe. Suka kashe mutum wajen 20, suka ƙone motoci. Mutane da yawa sun ɗauka ramuwar Mamande ce, ko da yake waɗanda suka mutu a Unguwar Lalle masu saye da sayarwa ne, ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ayarin babura ba ya tafiya a ɓoye. Yana da ƙara, yana da ƙura, yana wuce gonaki da ƙauyuka. A watannin baya, wanda ya gan su yakan kira na gaba ya ce a watse. A wannan rana wayoyi suna cikin aljihu, ba su da amfani, tambari da kuge kuwa an daɗe da barinsu. Ran 17 ga Oktoba aka yi irin wannan a kasuwar Goronyo, gwamnati da bakinta ta ce mutum 43 suka mutu. Ran 6 ga Disamba aka tare motar matafiya 'yan Sabon Birni a wajen Gidan Bawa, aka cinna mata wuta da mutane a ciki, fiye da 20 suka ƙone, har da mata da yara.

Ba za a ce kashe waya ne ya kashe waɗannan mutane ba. Masu bindiga suka kashe su, an kuma yi kisa kafin a kashe wayar da bayan an maido ta. Amma an ɗauke wa talaka ƙararrawarsa a lokacin da ba a ba shi mai gadi ba. Akwai kuma wata hasara da ba a cika ambata ba. Muddin waya tana kashe, 'yan jarida ba su iya jin kome daga yankin sai abin da hukuma ta faɗa, shirun da aka ji sai waɗansu na birni suka ɗauka lafiya ce. Kafin shekarar ta ƙare, Kaduna da Zamfara da Katsina suka maido da waya. Ana cikin wannan ne, a watan Nuwamba, babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke hukunci 'yan bindiga 'yan ta'adda ne, gwamnati ta buga shi a jaridarta a watan Janairu 2022.

Wa ke da shela?

A dā shela ta sarki ce. Ba wanda ya isa ya tara jama'a ya yi musu magana sai da izninsa. Wayar zamani mai ɗaukar hoto ta rushe wannan. Bello Turji, mutumin ƙasar Shinkafi wanda yaransa suka fi addabar Isa da Sabon Birni, ya gane haka da wuri. A watan Disamba 2021 ya aika da wasiƙa da Hausa zuwa ga Sarkin Shinkafi da Gwamnan Zamfara da Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari yana neman sulhu, kafin a ce me hotonta ya zaga wayoyin mutane. Daga nan sai faifan murya da na bidiyo, yau ya yi barazana, gobe ya kawo kukan abin da aka yi wa Fulani, jibi ya yanka wa gari haraji. A 2024 yaransa suka nuna kansu a bidiyo suna murna a kan motocin soja masu sulke da suka maƙale a laka a ƙasar Zurmi. Waɗansu 'yan bindiga har TikTok suka shiga suna baje kuɗin fansa. Kowane mai waya da ya tura wa abokinsa irin wannan faifai, ko da tsinuwa ya tura shi, ya yi wa mai shi aikin sankira kyauta.

Hukuma ta rasa yadda za ta yi da wannan, sai ta juya kan waɗanda hannunta ke iya kaiwa. A 2022 gidan talabijin na Trust TV ya nuna wani shiri da aka yi hira da Turji a ciki, BBC kuma ta fitar da nata a kan 'yan bindigar Zamfara. A watan Agusta hukumar NBC ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5, ta ce an ɗaukaka ta'addanci, ta kuma ci waɗansu kamfanonin da suka nuna shirin BBC. Gaskiya ne ɗan ta'adda yana son a ji shi. Amma shirin 'yan jarida yana tambayarsa, yana kuma kawo bakin waɗanda ya zalunta. Faifan da ya ɗauka da kansa ba mai tambayarsa kome, wannan kuwa ba a iya cinsa tara.

Sai kuma ido na sama. A watan Yuli 2021 jiragen yaƙi na Super Tucano suka fara isowa daga Amurka, guda 12 aka saya, ga kuma jirage marasa matuƙi daga Sin da Turkiyya, masu shawagi suna ɗaukar hoto. Sun kashe 'yan bindiga da dama, sun hana su taruwa a fili yadda suka saba. Sai dai jirgi yana ganin taro, ba ya sanin na wane ne. A watan Fabrairu 2022 bam ya faɗa ƙauyen Nacade, cikin ƙasar Madarunfa a Nijar, Gwamnan Maraɗi ya ce jirgin Nijeriya ne, yara 7 suka mutu. Ran 3 ga Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, mutum 85 ko fiye suka rasu. Ran 25 ga Disamba 2024, ana neman Lakurawa a ƙasar Silame ta Sakkwato, mutanen ƙauye wajen 10 suka mutu a Gidan Sama da Rumtuwa. Da akwai wanda zai tambayi mai unguwa taron me ake yi yau a garinsa, da amsar ba ta fi kalma biyu ba. Ga shi kuma tun juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 zumunci ya yi sanyi tsakanin gwamnatocin biyu, har aka rufe iyaka wata da watanni, musayar labari tsakanin sojan nan da na can ta raunana, alhali na daji suna tsallakawa yadda suka ga dama.

A ƙarshen watan Yuli 2024 'yan bindiga suka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, hakimi a ƙasar Sabon Birni, yana komowa daga Sakkwato, suka shiga daji da shi da ɗansa. Ya yi mako 3 a hannunsu. Suka ɗauke shi a bidiyo, dattijo ɗaure, tufafinsa da jini, yana roƙon gwamnati da jama'a su cece shi kafin wa'adin da aka sa ya cika. Faifan ya shiga kowace waya a ƙasar Hausa, na Kano ya gani, na Maraɗi ya gani, na Makka ya gani, hukuma ma ta gani. Sarautar da kakanninta ke aika magewaya daji, ake buga mata tambari, ita ce aka nuna wa duniya a wannan hali. Wa'adi ya cika a watan Agusta, suka kashe shi, Allah ya ji ƙansa. Samarin Sabon Birni suka fito cikin fushi har aka sa dokar hana fita. An sako ɗan daga baya. Gawar Sarki kuwa ba a ba da ita ba, sai salla aka yi masa daga nesa.